Gwajin iskar nitirik oksaid ta hanci: shin yana raba alaji da kumburin kogon hanci?

BabanHauwa_Katako

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske daga likitoci da ma'aikatan lafiya da ke cikin wannan zaure namu na Jos. Na daɗe ina fama da toshewar hanci, da majina mai gangarowa ta baya zuwa maƙogwaro, da nauyi a goshi da ƙarƙashin idanu, kuma tun cikin damina ƙanshin abinci ya fara ɓace mini. Wasu sun ce alaji ne, wato jikina ba ya jituwa da wani abin da nake shaƙa, saboda ina yini cikin garin katako, wasu kuma sun ce kumburin kogon hanci ne. Ƙanena da ke zaune a Ingila ya gaya mini cewa an taɓa sa masa siririn bututu a ƙofar hanci, na'ura ta zuƙi iskar ciki ta auna wata iska da ake kira nitirik oksaid, kuma a ganinsa wannan gwaji shi kaɗai ya isa ya nuna ko alaji ne ko kumburi. Shin maganar haka take? Idan haka take, ya dace in tafi Abuja in nemi gwajin kafin in ci gaba da kashe kuɗi a kan magani?

MamanSadiq

Wa alaikumus salam. Allah ya ba da lafiya, Malam. Ni ma zan zauna in saurari amsar, domin maigidana haka yake kwana da baki buɗe duk lokacin hunturu.

Likitan_Hanci

Wa alaikumus salam, Malam BabanHauwa. Gwajin da ƙaninka ya faɗa gaskiya ne akwai shi, amma nauyin da ya ɗora masa ya fi ƙarfinsa. Iskar nitirik oksaid jikinmu ne da kansa yake yin ta. Masana uku, Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad, sun sami kyautar Nobel a 1998 saboda gano cewa da ita jijiyoyin jini ke samun saƙon su saki jiki. A 1991 aka fara auna ta a cikin numfashin da mutum ke fitarwa, sannan a 1995 Jon Lundberg da abokan aikinsa na cibiyar Karolinska da ke Suwidin suka nuna cewa mafi yawan wadda ake samu a hanci daga kogunan ƙashin fuska take fitowa, wato ramukan da ke cikin kumatu da goshi da tsakanin idanu. A can ciki tana da amfani biyu: tana hana ƙwayoyin cuta sakewa, tana kuma ƙara wa siraran gasun da ke share majina kuzari.

To ga inda matsalar take. Alaji yana sa fatar cikin hanci ta ƙara yin wannan iska, saboda haka lambar da na'urar ke nunawa kan hau. Amma kumburin da ya toshe ƙananan ƙofofin da ke tsakanin kogunan da hanci yana hana iskar fitowa, saboda haka lambar kan sauka. Ka ɗauka ɗakin girki ne ya cika da hayaƙi alhali an rufe ƙofa da taga: wanda ke tsakar gida zai ga hayaƙi kaɗan, ya zaci ba a hura wuta ba. Mutumin da ke da alaji da toshewa a lokaci guda, abu biyun na iya jan lambar, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ta tsaya a tsakiya kamar ta mai lafiya, alhali yana da ciwo biyu. Wannan shi ya sa ba na yarda a yanke hukunci da lambar nan ita kaɗai.

DanBukuru

Likita, idan lamba tana iya hawa, tana iya sauka, tana kuma iya tsayawa a tsakiya duk a kan mara lafiya, mene ne amfanin gwajin ke nan? Ni a ganina wannan yana cikin abubuwan da ake ƙirƙirowa a ƙasashen da suka wadata, talaka ya ji labari ya tayar da hankalinsa a banza.

Daliba_Lamingo

Malam DanBukuru, ban yarda a ce ba shi da amfani ba. Ni ɗalibar likitanci ce, kuma abin da aka koya mana shi ne cewa akwai cuta guda da gwajin ya yi fice a kanta ƙwarai, wato cutar da ake haihuwar yaro da ita inda siraran gasun hanyar numfashi ba sa motsi yadda ya kamata. A irin waɗannan yara lambar tana faɗuwa ƙasa warwas, har masana suka tsayar da iyaka ta nanolita 77 (ma'aunin ƙanƙanin adadin iska) a minti ɗaya, wanda ya gaza haka a gwaji biyu mabambanta ana zurfafa bincike a kansa. Alamun su ne majina da tari mai kaki tun daga makonnin farko na haihuwa, da ciwon kunne mai yawan dawowa, kuma kusan rabinsu ana samun zuciyarsu a ɓangaren dama, hanta a hagu. Cuta ce ta gado da galibi sai uwa da uba duka sun ɗauko ta kafin ta bayyana a ɗa, don haka ta fi yiwuwa inda auren zumunci ya yi yawa. A nan gwajin yana iya ceton yaro daga shekaru na shan maganin mura da na tari ba tare da an san tushen abin ba.

Likitan_Hanci

Ɗaliba ta faɗi daidai. Sai dai a lura cewa wannan wata cuta ce dabam, ba ita ce ke damun Malam BabanHauwa ba bisa abin da ya bayyana, tunda nasa ya taso ne da girma. Ko a yaran ma, ana so su kai kimanin shekara 5 domin su iya bin umarnin busa iska yadda za a rufe hanyar da ke tsakanin hanci da maƙogwaro, in ba haka ba iskar huhu takan gauraya da ta hanci ta rage lambar.

Hajiya_AnguwarRogo

Don Allah a yi mini bayani, domin na rikice. 'Yata mai asma an taɓa sa ta busa wata 'yar na'ura ta baki, aka ce ana auna wannan iskar ce. Shin ita ce dai ake magana a kai ko wata ce?

Nas_Rikkos

Hajiya, iskar ɗaya ce amma wurin aunawa ya bambanta, kuma ma'anar sakamakon ma ta bambanta. Wadda aka yi wa 'yarki ta baki tana nuna kumburin hanyoyin huhu ne, kuma ita ce aka fi daidaita ma'auninta. Ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta fitar da jagora a 2011 cewa ga babba, abin da ya gaza kashi 25 cikin biliyan ƙarami ne, abin da ya haura 50 kuma babba ne da ke nuna irin kumburin da maganin shaƙa na sitiroyid, wato mai rage kumburi, ke yi wa aiki. Ga yara kuwa iyakokin su ne 20 da 35. Ta hanci kuma takan kai ɗaruruwa ko a jikin mai lafiya, kuma tazarar da ke tsakanin wani mai lafiya da wani tana da faɗi ƙwarai, don haka babu irin wannan tsayayyar iyaka ta raba alaji da wanda ba alaji ba. Idan aka ɗauki lambar hanci aka kwatanta da ma'aunin baki, za a tsorata mutum a banza.

Malam_Gangare

Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, amma na ga muna nisa da abin da yake gabanmu. Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma kowa ya san yadda sanyin asuba yake a watan Disamba da Janairu. Ni da zarar na fito alwalar asuba iska ta buge ni, hancina zai fara zuba kamar an buɗe famfo, in rana ta ɗaga ya tsaya. An yi mini gwajin alaji na fata ba a sami komai ba. Ashe ba duk mai atishawa ba ne yake da alaji.

Likitan_Hanci

Malam Gangare ya taɓo abu mai muhimmanci. Akwai hancin da ke tashi saboda sanyi, ko ƙurar hunturu, ko turare, ko hayaƙin itace, ba tare da garkuwar jiki ta shiga maganar ba. Jijiyoyin hancin ne kawai suke da saurin harzuƙa. Alaji na gaskiya kuwa shi ne wanda jiki ya ƙera sinadarin garkuwa mai suna IgE a kan wani abu takamaimai, kamar ƙananan ƙwarin da ke zaune cikin katifa da darduma waɗanda ido ba ya gani, ko kyankyaso, ko funfuna, ko garin furen ciyawa, ko gashin kyanwa. Alamunsa da suka fi fitowa su ne ƙaiƙayin hanci da ido, atishawa a jere, da majina tsinkakkiya kamar ruwa. Abin da Malam BabanHauwa ya lissafa kuwa, musamman nauyin fuska da ɓacewar ƙanshi, ya fi karkata ga kumburin kogon hanci mai daɗewa. Ma'aunin da likitocin Turai suka sabunta a 2020 ya ce a sami alamu biyu ko fiye, ɗaya daga ciki ya zama toshewa ko zubar majina, na tsawon mako 12 ko fiye, sannan a tabbatar ta hanyar leƙa hanci da siririn madubi mai fitila ko ta hoton siti sikan, wato hoton na'ura mai nuna cikin ƙashin fuska. Ba a sa nitirik oksaid cikin sharuɗɗan ba.

MaiHarhadaMagani

Ina so in ƙara wani abu da nake gani kullum a shago. Mutane da yawa suna sayen maganin ɗigawa a hanci mai buɗe shi nan take, irin zailometazolin da oksimetazolin, su riƙa amfani da shi wata da watanni. An yi shi ne don kwanaki kaɗan, bai kamata ya wuce mako ɗaya ba. Idan ya wuce, hancin kan ƙara kumbura duk lokacin da ƙarfin maganin ya ƙare, mutum ya koma ba ya iya barci sai da shi. Malam BabanHauwa, idan kana cikin masu amfani da shi, ka gaya wa likita tun farko, domin shi kansa yana iya zama rabin ciwon, kuma yana rage lambar nitirik oksaid ɗin da kake son aunawa. Taba sigari ma tana rage ta, haka maganin fesawa na sitiroyid yana canza ta.

BabanHauwa_Katako

Gaskiya ina amfani da na ɗigawar, musamman da dare. Taba kam ba na sha. Na gode da wannan tunatarwa, Malam.

DanBukuru

To kun gani. Maganin ɗigawa yana canza lamba, taba tana canza lamba, murar makon jiya ma na tabbata za ta canza. Har yanzu ina kan bakata cewa a yanayinmu kuɗin mota zuwa Abuja gara a kai shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro a nan gida, ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos ko wani asibitin da ke da madubin leƙawa.

Injiniya_FarinGada

Zan goyi bayan DanBukuru ta fuskar na'ura, duk da ban yarda gwajin banza ne ba. Na'urorin iri biyu ne. Akwai babba wadda take haɗa iskar da wata iska mai suna ozon ta auna hasken da ke fita, ita ce mafi inganci, amma tana da tsada kuma tana bukatar a riƙa daidaita ta da iskar gwaji. Akwai kuma ta hannu mai aiki da ƙwayar sinadari wadda take ƙarewa a sauya ta. Abin da mutane ba sa tunawa shi ne cewa hayaƙin janareto da na motoci yana ɗauke da wannan iskar, saboda haka ɗakin da ke kusa da janareto ko bakin babban titi iskarsa tana iya shiga cikin sakamakon, shi ya sa ƙa'ida ta ce a auna ta ɗakin a rubuta kafin a auna ta mara lafiya. Wanda zai kawo na'urar nan garin dole ya yi lissafin wannan, ba kuɗin saye kaɗai ba.

Daliba_Lamingo

Akwai wata dabara da take rage ruɗanin da Likita ya bayyana a farko, kuma ina ganin ita ce amsar da ta fi kusa da tambayar Malam BabanHauwa. A 2002 Eddie Weitzberg da Jon Lundberg sun nuna cewa idan mai lafiya ya rufe baki ya ja sautin "mmm" ta hanci, girgizar sautin tana fizgo iskar da ke cikin kogunan, lambar ta ninka kusan sau 15 idan aka kwatanta da fitar da numfashi shiru. Wanda ƙofofin kogunansa suka toshe, misali mai tsiron nama a cikin hanci, ba a ganin wannan hawan a wurinsa. Ke nan idan aka auna sau biyu, shiru da kuma da sauti, ana iya gane ko ƙofofin a buɗe suke. Hakan ba zai ce alaji ne ko ba alaji ba ne, amma zai ce akwai toshewa ko babu.

MamanSadiq

Shin ke nan idan maigidana ya riƙa yin wannan sautin kullum zai warke?

Daliba_Lamingo

A'a Mama, dabarar aunawa ce, ba a tabbatar da ita a matsayin magani ba. Abin da aka tabbatar yana taimakawa shi ne wanke hanci da ruwan gishiri da kuma maganin fesawa na sitiroyid da likita ya rubuta, a yi shi kullum na makonni, domin ba ya aiki rana ɗaya. Ruwan kuma ya zama an tafasa shi ya huce, kada a ɗebo daga rijiya ko tanki a zuba kai tsaye.

Likitan_Hanci

Na ji daɗin abin da ɗaliba ta kawo, kuma a nan ne nake ganin gwajin yana da gurbi na gaskiya ga manya: bibiya. Mai tsiro a hanci lambarsa takan yi ƙasa, kuma yayin da magani ko tiyata suka buɗe ƙofofin, sai ta fara hawa. A irin wannan hali hawan lamba albishir ne, alhali a wurin mai alaji zalla hawan na iya nuna kumburi ya ƙaru. Lamba ɗaya, fassara biyu, kuma abin da ke zaɓar fassarar shi ne abin da likita ya ji daga bakin mara lafiya da abin da ya gani da idonsa.

Amma akwai abin da ya fi damuna a bayanin Malam BabanHauwa fiye da duk wannan, wato sana'arsa. Garin katako yana iya harzuƙa hanci haka kawai, kuma wasu itatuwa, kamar obeche da ake yawan sarrafawa a Nijeriya, an san suna haddasa alaji na gaskiya a hanci da ƙirji. Alamar da nake tambaya ita ce ko ciwon yana sauƙi idan mutum ya yi kwanaki bai je aiki ba, kamar lokacin salla ko tafiya. Bayan haka, hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa garin katako cikin abubuwan da ke iya jawo ciwon daji na hanci da kogunansa ga wanda ya shekara da shekaru yana shaƙa. Ba don in tsorata kowa na faɗa ba, abin ba shi da yawa. Na faɗa ne domin duk mai wannan sana'a da hancinsa ya toshe ta gefe ɗaya kawai, ko yake ganin jini a majina, ko ido ya fara kumbura ko gani biyu, bai kamata ya jira kowane gwajin iska ba, a leƙa hancin nan da nan.

BabanHauwa_Katako

Likita, Allah ya saka da alheri. Nawa duka ɓangarorin biyu ne, kuma ban ga jini ba. Atishawa da ƙaiƙayin ido suna raguwa idan na yi tafiya, amma toshewar da rashin jin ƙanshi ba sa tafiya ko'ina.

Nas_Rikkos

Wannan bayani na ƙarshe ya yi kama da mai abu biyu a haɗe, irin wanda Likita ya ce lambarsa kan ruɗar da mutane. Idan za a yi maka gwajin alaji, na fata ya fi sauƙi: ana ɗiga ruwan abubuwan da ake zargi a damtse, a ɗan tsaga saman fata, a jira kamar minti 15, kumburin da ya kai milimita 3 fiye da na ruwan kwatanci, wato wanda ba a sa abin da ake zargi a ciki ba, shi ake ɗauka ya nuna. Sai dai fitowar kumburi ba ta nufin lallai abin ne ke sa ka ciwo, dole ya dace da labarinka.

MaiLab_Dilimi

Ni a ɗakin gwajin jini nake aiki, kuma ina roƙon a yi hattara da sakamakon da ake kira jimillar IgE da kuma ƙidayar wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil. A ƙasashenmu tsutsar ciki da tsargiya suna ɗaga su duka biyun. Sau da yawa mutum zai zo da takarda yana cewa an tabbatar masa da alaji, alhali jimillar ce kawai ta hau. Wanda ke da ma'ana shi ne na takamaiman abu, a ce na ƙwaron katifa ko na kyankyaso, a kuma haɗa da gwajin bayan gida idan ana shakka.

DanBukuru

Duk wanda ya yi magana ya ƙare ne a kan a je a leƙa hanci. Ban ga wanda ya ce a tafi Abuja ba.

Daliba_Lamingo

Ga Malam BabanHauwa na yarda, leƙawa da gwajin fata su ne gaba. Amma ba zan so a tashi daga nan da tunanin cewa ba ma bukatar na'urar ba. Yaron da ke tari da majina tun haihuwa, ana ta ba shi maganin tarin fuka ko na asma ba sauƙi, shi wannan gwaji na mintuna kaɗan, marar allura, zai iya nuna wa likitansa hanya. Ko da guda ɗaya ce a babban asibitin koyarwa, ko a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, za ta yi wa yankin aiki.

Injiniya_FarinGada

Idan har za a kawo, a kawo ta da mai kula da ita da kasafin sauya ƙwayar aunawa duk lokacin da ta ƙare, kuma a fara auna masu lafiya na nan gida da yawa, manya da yara, a lokacin hunturu da lokacin damina, domin a san lambar mutanenmu kafin a fara kwatanta su da ta Turawa.

MaiHarhadaMagani

Malam BabanHauwa, abu biyu kafin ka je asibiti. Idan za a yi gwajin fata, magungunan mura masu hana atishawa irin kulofeniramin da setirizin da loratadin suna ɓoye sakamako, don haka ka tambayi asibitin kwana nawa suke so ka dakatar da su, yawanci yakan kai kusan mako ɗaya. Na biyu, ka tuna ko asfirin ko ibufurofen sun taɓa sa maka toshewar ƙirji ko zubar hanci jim kaɗan bayan ka sha, domin akwai masu tsiro a hanci da asma waɗanda waɗannan magunguna ke tayar musu da ciwo sosai, kuma likita zai so ya sani kafin ya rubuta maka komai. Ka tafi da duk kwalaben da kake amfani da su, har da na ɗigawar.

Hajiya_AnguwarRogo

Malam mai magani, wannan batu na asfirin ya shafi 'yata mai asma ko sai wanda yake da tsiron? Tana shan ibufurofen duk wata saboda ciwon mara, kuma kwanan nan ita ma ta fara cewa ba ta jin ƙanshin turare sosai.